Darasi: Asibitin Unguwa da Makarantar Yaranmu, Wa Ke da Alhaki, Wa Za Mu Tambaya?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wurare biyu da babu matar auren da ba ta da hulɗa da su, wato asibitin da muke zuwa awo da haihuwa, da makarantar da muke tura yaranmu kowace safiya. Duk mun san ƙorafin da ake yi a kansu. A gidan suna ana yi, a gidan biki ana yi, a hanyar dawowa daga islamiyya ma ana yi: babu magani, babu malamar asibiti da dare, yara suna zaune a ƙasa, rufin aji yana yoyo. To amma da an watse sai maganar ta watse, domin yawancinmu ba mu san takamaimai wanda aka ɗora wa alhakin gyara ba, balle ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Abin da muke so kowace 'yar uwa ta fita da shi daga darasin nan shi ne: kuɗin asibitin mazaɓarki da na makarantar ɗanki a rubuce suke cikin doka, suna da hanyar da suke bi, kuma a kowane mataki akwai mutumin da ya sa hannu. Wadda ta san hanyar, ta san wanda za ta tambaya.

Girman al'amarin

Bari mu fara da haihuwa, domin a nan ne rai yake fi shiga haɗari. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka yi na shekarar 2023, mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa a wannan shekara kaɗai. Idan kika raba, ya haura mata 200 a kowace rana. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan matan da suka rasu ta wannan hanya a duniya 'yan ƙasar nan ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 kuma ya nuna cewa a shiyyar arewa maso yamma, matan da suka haihu a asibiti ba su kai 20 cikin 100 ba.

Abubuwan da suke kashe matan nan sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga da hawan jinin ciki, doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ke biyo bayan haihuwa idan ƙwayoyin cuta suka shiga. Kowannensu yana da magani, kuma ba mai tsada ba ne. Allurar tsayar da jini tana buƙatar firji mai aiki domin zafi yana kashe ƙarfinta. Jijjiga tana da allurarta. Doguwar naƙuda tana buƙatar mota da likitan da zai yi aiki a kan lokaci, in ba haka ba ko a rasa jariri, ko uwa ta tashi da yoyon fitsari.

Masana lafiya suna cewa jinkiri uku ne ke kai mace kabari. Na farko jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, wannan a cikin gidajenmu yake. Na biyu jinkirin isa asibitin, saboda nisa ko lalacewar hanya ko rashin mota. Na uku jinkirin samun kulawa bayan an isa, saboda babu ma'aikaci, ko babu jini, ko babu wuta. Na farkon namu ne mu da mazajenmu. Na biyu da na uku kuwa, mafi yawansu a wuyan hukuma suke.

Ƙaddara daban, sakaci daban

Idan aka yi rashi mukan ce haka Allah Ya ƙaddara, kuma gaskiya ne, babu mai wuce kwanansa. Amma 'yar uwa, yarda da ƙaddara bai taɓa hana a tambayi wanda aka ba amana yadda ya yi da ita ba. Direban da ya yi gudun ganganci ya kashe mutane ana kai shi kotu, alhali kowa ya yarda kwana ne ya ƙare. To haka shi ma wanda aka ba kuɗin sayen allura bai saya ba. Dukiyar gwamnati dukiyar jama'a ce, wanda yake riƙe da ita wakili ne, shi kuwa wakili dole ya yi bayani. Gina asibiti ba kyauta ba ce da gwamna ya yi mana daga aljihunsa, aikin da aka zaɓe shi domin ya yi ke nan.

Wa ke da alhakin me?

Sau da yawa mukan ce "gwamnati" kawai, alhali gwamnati hawa uku ce, kuma kowane hawa da nasa aikin.

Ƙaramin asibitin mazaɓa, inda ake awo da rigakafi da karɓar haihuwar da ba ta zo da matsala ba, yana ƙarƙashin ƙaramar hukuma ne tare da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha. Babban asibiti na gari, inda ake yin tiyata da ƙarin jini, na gwamnatin jiha ne. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da ke Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, na gwamnatin tarayya ne.

A ɓangaren ilimi, makarantar firamare tana hannun hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, wadda sakataren ilimi yake shugabanta, sama da shi kuma akwai hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha da ake kira SUBEB. Daga Abuja kuwa hukumar UBEC ce ke ba da tallafi.

Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, kuma an daɗe ana kukan cewa kuɗinsu yana maƙalewa a hannun jihohi. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye. Hukunci daban, aiwatarwa daban, amma dai kin samu hujjar tambayar shugaban ƙaramar hukumarku da kansilanku: nawa ya shigo, me aka yi da shi?

Amfanin sanin wannan rabe-rabe shi ne kada ki kai kukan rashin ungozoma a asibitin ƙauye wurin wanda ba shi da hurumi, ya ce miki ba aikinsa ba ne, ki dawo gida a gajiye.

Kuɗin da doka ta ware wa asibitin mazaɓa

A watan Afrilu na 2001 shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya. A garinmu aka yi alƙawarin, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba, yawancin shekaru abin da take warewa bai wuce kashi 4 zuwa 6 ba. Wasu jihohi sukan rubuta kashi 15 a takarda. A nan sai a lura, abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban, abin da ya isa asibiti kuma daban. Duk wadda ta taɓa aiken yaro cefane ta san wannan lissafi.

A 2014 aka sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Dokar ta kafa asusu na musamman domin kiwon lafiya a matakin farko, ta ce gwamnatin tarayya ta riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigarta kowace shekara. Ga yadda dokar ta raba kuɗin: rabi domin biya wa talakawa kuɗin magani ta hanyar inshorar lafiya, kashi 20 domin magunguna da alluran rigakafi da kayan aiki, kashi 15 domin gyaran gini da na'urori da sufuri, kashi 10 domin ma'aikata, kashi 5 domin taimakon gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, wato shekara huɗu bayan dokar, kuma sai da ƙungiyoyi suka yi ta matsa lamba.

Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki sosai. Asibitin da aka zaɓa yana da asusun banki nasa, ana tura masa wani kaso kai tsaye domin ƙananan buƙatu irin su safar hannu, sabulu, gyaran famfo da man janareto. Shugaban asibitin, wanda muka fi sani da incaji, ba shi kaɗai yake juya kuɗin ba, kwamitin ci gaban mazaɓa yana da hannu a ciki. 'Yan kwamitin nan mutanen unguwa ne, maƙwabtanmu ne, kuma tsarin ya tanadi a sa mata a cikinsu. Tambaya a nan ita ce, ke kin san sunan ko mutum ɗaya a kwamitin mazaɓarku?

Wannan doka dai ta 2014 ta hana kowane asibiti, na gwamnati ne ko na kuɗi, ya ƙi karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ko da wane dalili. Wanda ya saɓa zai iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Matar da aka kawo jini yana zuba, halin gaggawa take ciki. A fara ceto ranta, maganar kuɗi ta biyo baya.

Haka kuma a watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka tantance. Tun kina zuwa awo ya kamata ki tambaya wane asibiti ne mafi kusa da ku yake cikin wannan tsari, kada a bari sai naƙuda ta tsananta a fara neman bashi.

Makarantar yaranmu

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, mace ko namiji. Ta haramta karɓar kuɗin makaranta a makarantun gwamnati a wannan mataki, ta kuma sa hukunci a kan mai karɓa. Ta ɗora wa iyaye su ma alhakin tura yaransu, wanda ya ƙi za a fara yi masa gargaɗi, in ya maimaita a ci shi tara.

Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun tarayya domin tallafa wa jihohi. Amma akwai sharaɗi: kafin jiha ta karɓi kuɗin gine-gine daga UBEC, sai ta ajiye nata kason daidai da abin da za a ba ta. A nan ne gizo yake saƙa. Shekara da shekaru hukumar tana kukan cewa biliyoyin naira suna kwance a asusunta saboda wasu jihohi ba su kawo nasu kason ba. Wato kuɗin rufin ajin ɗanki zai iya kasancewa yana Abuja yana jira, shi kuwa yana zaune a ƙasa ruwa yana dukansa. Wannan tambaya ce da ta dace a yi wa ɗan majalisar jiha idan ya zo neman ƙuri'a: jiharmu ta biya nata kason bana?

Kowace makarantar gwamnati kuma ya kamata a ce tana da kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda ya ƙunshi hedimasta, wakilan malamai, iyaye, masu unguwa, malaman addini da wakilan mata. Aikinsa ya haɗa da lura da zuwan malamai, da lafiyar gini, da bin sawun yaran da suka daina zuwa. A wurare da yawa an rubuta sunayen mata a takarda ne kawai, ba a kiran su taro, in an kira su kuma ba sa magana. Kujerar nan tamu ce, kuma mu ne muka fi kowa sanin dalilin da ya sa yarinya take ƙin zuwa makaranta, misali rashin banɗakin da za ta sakaya a ciki.

Ƙofofin tambaya

Ƙofa ta farko ita ce ta kusa: incaji ko hedimasta, sai kwamitin mazaɓa ko na makaranta. Matsaloli da yawa a nan suke ƙarewa. Sau da yawa ma za ki tarar malamar asibitin ita ma kukan take yi, ita kaɗai ce dare da rana, tana jiran wanda zai taya ta magana.

Ta biyu ita ce kansila, da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da sakataren ilimi. Ta uku ɗan majalisar jiha, domin majalisa ce ke amincewa da kasafi, ita ce kuma ke da ikon kiran kwamishina ya yi bayani.

Ta huɗu ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Dokar ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani, misali nawa aka ba da kwangilar gyaran makaranta kaza, wa aka ba, yaushe zai gama. Ba sai kin faɗi dalilinki ba. Ma'aikatar tana da kwana 7 ta ba da amsa, ko ta faɗi dalilin ƙi a rubuce, kuma ana iya kai ta kotu. Wadda ba ta iya rubutu ba, doka ta yarda wani ya rubuta a madadinta. A da wasu jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce ba ta shafe su ba, sai a 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafe su.

Ta biyar ita ce Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975. Tana da ofis a jihohi, kuma ba a biyan ko kwabo domin shigar da koke. Kada kuma a manta da gidajen rediyo, domin shirin da ake buga waya kai tsaye yakan sa jami'in da ya yi wata uku yana ɓuya ya fito cikin kwana ɗaya.

Darasi daga Bagega

Domin kada wata ta ce ai talaka ba ya tambaya a ji, ga misali daga jihar Zamfara. A 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Dalili shi ne gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake kawowa gida ana daka wa, ƙurar ta cika tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi wa yaran ƙauyuka da dama magani, amma a garin Bagega abin ya gagara, domin babu amfanin yi wa yaro magani ya koma cikin ƙasa mai guba. Sai an kwashe ƙasar tukuna, kuma wannan aikin gwamnati ne.

A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin kuɗin aikin, amma watanni suka yi ta wucewa shiru. Wasu matasa 'yan ƙasa tare da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka ɗauki maganar. Tambayarsu ɗaya ce, suna ta maimaita ta ga 'yan majalisa da 'yan jarida da fadar shugaban ƙasa: ina kuɗin Bagega? A watan Janairu na 2013 aka saki kuɗin, aka kwashe ƙasar, a cikin shekarar aka fara yi wa yaran magani.

Ki lura da abin da ya sa suka yi nasara. Sun san alƙawarin da aka yi, sun san wanda ya yi shi, sun tsaya a kan magana ɗaya, kuma ba su gaji ba.

Ladubban tambaya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mace ɗaya idan ta je ofis za a iya ce mata ta dawo gobe, amma mata goma da takarda ɗauke da sa hannun mata ɗari, da wuya a kore su. Ku yi amfani da ƙungiyoyin da kuke da su, na islamiyya ne ko na adashi.

Ki shawarci maigida tun farko, ki nuna masa cewa lafiyar iyalinsa da karatun 'ya'yansa ake nema wa gyara. Mazaje da yawa idan suka fahimta su ne za su kai maganar masallaci da fadar mai unguwa.

Ku tafi da hujja. Maimakon "asibitin nan ba ya aiki", ku ce ranar kaza da ƙarfe kaza an kawo mai naƙuda an tarar da ƙofa a kulle. Ku riƙa karɓar rasit a kan duk kuɗin da kuka biya. Ku ajiye kwafin duk takardar da kuka kai, a buga muku hatimin karɓa. Kada ku ɗora wa kowa satar da ba ku tabbatar ba, domin ƙazafi zunubi ne, kuma yana rusa magana mai kyau. Wanda ya yi aiki nagari a yaba masa a bainar jama'a, yadda gobe zai ƙara.

Sannan in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wadda ba ta zuwa awo, ko ta ɓoye yaro ranar rigakafi, ko ta ɗora wa yarinya talla a lokacin makaranta, ta rage wa kanta bakin magana. Haka wadda ta karɓi atamfa da taliya da sabulu ranar zaɓe. Wanda ya sayi ƙuri'arki yana ganin ya riga ya biya ki, ba ya jin kina bin sa bashin asibiti.

Aikin da za mu yi kafin fitowa ta gaba

Muna roƙon kowane reshe ya zauna a kan waɗannan tambayoyi a taronsa na wata, a raba aikin tsakanin 'yan uwa:

1. Wane asibiti ne a mazaɓarmu yake karɓar kuɗin asusun lafiya na matakin farko, kuma yaushe kuɗi ya shigo masa na ƙarshe?
2. Su wane ne 'yan kwamitin ci gaban mazaɓa, mata nawa ne a ciki, yaushe suke taro?
3. Akwai ungozoma da dare? Akwai wuta, ruwa da firji mai aiki? Idan haihuwa ta gagara, ina ake tura mace, da wace mota?
4. A makarantar unguwarmu, yara nawa ne a aji ɗaya, malamai nawa suke zuwa kullum, akwai banɗakin 'yan mata?
5. Wane kuɗi ake karɓa a hannun iyaye, da sunan me, kuma ana ba da rasit?

Idan amsoshin suka haɗu, ku zaɓi matsala ɗaya tak, wadda ta fi tsanani, ku rubuta ta a takarda, ku kai ƙofar da ta dace. Bayan mako biyu ku koma ku tambayi inda aka kwana. In ba a yi komai ba ku hau mataki na gaba da kwafin takardar farko a hannu.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya jiƙan 'yan uwanmu da suka rasu a wajen haihuwa.